GUNTUN GATARINKA YA FI SARI KA BA NI: YADDA AKE GINA UWAR MANHAJA DAGA TUSHE

Duk wanda ya zauna a ajin yaƙi da jahilci yana tune da ranar da malami ya tsaya gaban allo ya rubuta baki, ya sauko ƙasa kaɗan ya rubuta baƙi, sa'an nan ya ce a dubi bambanci. Bambancin bai wuce ɗan lanƙwasa a kan harafi guda ba, amma shi ne ya raba bakin da ake cin tuwo da shi da baƙin da ake shimfiɗa wa tabarma. Wannan ɗan lanƙwasa shi ya jawo bayaninmu na yau, ko da yake bayanin zai kai mu har Amurka da Finlan kafin ya dawo da mu bakin Komadugu.

Aiki ya taɓa kai ni Shetimari, garin da ke kan babbar hanyar kwalta mai lamba 1, yamma da birnin Difa, ina ɗauke da wata takarda da na fassara daga Faransanci game da zaman baƙi da ƴan gari. Yankin yana cikin wuraren da suka karɓi dubban mutanen da suka ƙetaro kogi bayan harin da aka kai wa Damasak a watan Nuwamba na 2014, da yawansu suka sauka a Gagamari, saboda haka kalmar baƙi ta cika takardar. Da muka je bugawa a wani ofishi, sai kowane harafi mai lanƙwasa ya fito ɗan akwati fanko. Sakataren, don neman sauƙi, ya bi ya maye gurbinsu da haruffa marasa lanƙwasa, sai ga takardar hukuma tana umartar a ba baki ruwa, tana kuma kiran ƙasa da sunan kasa. Daren nan da biro na bi kofi bayan kofi ina ɗora wa haruffa lanƙwasarsu, kamar yadda magabatanmu suka yi a zamanin injin rubutu.

Na tambayi sakataren ko babu halin gyara. Ya ce: "Mushe, ai haka ta zo." Daga baya wani matashi mai gyaran na'urori a Difa ya nuna mini cewa matsalar ƙarama ce, samfurin haruffan da aka zaɓa ne ba shi da namu, ya kuwa gyara ta cikin ɗan lokaci. Amma maganar sakataren ta zauna mini a rai, domin ba shi kaɗai ba ne: da yawa daga cikinmu ma'aikata mun ɗauki na'ura mai ƙwaƙwalwa a matsayin rufaffen akwati wanda ba mai ikon buɗe shi sai wanda ya ƙera shi a ƙasar waje. To, akwai mutanen da suke buɗe akwatin, har su gina abin da ke cikinsa daga tushe, kuma hanyar da suke bi a rubuce take, kowa na iya koyo.

MECE CE UWAR MANHAJA?

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda wasu ke kira ordinatar wasu kwamfuta, ƙarfe ce da roba da wayoyi, ba ta iya kome sai da manhaja. A cikin manhajoji akwai babba guda wadda take tashi da farko idan an kunna na'ura, ita ke raba wa sauran aiki, ita ke kula da ajiyar takardu, da allo, da madannai, da injin bugawa. Ita muke kira uwar manhaja. Windows uwar manhaja ce, haka ma Android da ke cikin wayoyin hannu.

Masana sun kamanta ginin uwar manhaja da gyaɗa. A can ciki akwai ƙwaya, wadda ke magana da ƙarfen na'ura kai tsaye. A waje akwai ɓawo, wanda ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta ya miƙa wa ƙwaya. Kalmar shel da masu sana'ar ke amfani da ita ma'anarta ke nan, ɓawo.

Na'ura ba ta jin kowane harshe sai na sifiri da ɗaya. Mutane kuwa suna rubuta manhaja da harsunan da ɗan Adam ke iya karantawa, kamar wanda ake kira C. Wannan rubutu shi ne rubutun asali. Tsakanin rubutun asali da na'ura akwai wata manhaja mai aikin tafinta, wadda ke juya shi zuwa sifiri da ɗaya. Kamfanonin da ke sayar da rufaffiyar manhaja fassarar kawai suke bayarwa, su riƙe asalin a hannunsu. Duk mai aikin fassara ya san cewa wanda ke riƙe da fassara ba tare da asali ba, in ya ga kuskure ba ya iya tabbatar da inda ya fito, balle ya gyara shi da gaba gaɗi. Manomin tattasai na bakin Komadugu ma ya san darajar mafari: ruwan da yake ban ruwa da shi daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake fitowa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, abin da ke isowa gonarsa ya danganta har da abin da aka yanke can sama.

ASALIN MANHAJA MAI ƳANCI

A shekarar 1969, a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara uwar manhajar da aka sa wa suna Unix, a 1973 kuma aka sake rubuta ƙwayarta da harshen C. Unix mallakar kamfani ce, sai da lasisi ake samun rubutun asalinta. A watan Satumba na 1983 wani masani mai suna Richard Stallman ya shelanta shirin GNU, da nufin rubuta tsari irin na Unix wanda kowa ke da ƴanci a kansa. Ƴancin kashi 4 ne: a yi aiki da manhaja yadda ake so, a karanta asalinta a gyara, a ba wani kofinta, a kuma raba gyaran da aka yi. Shirin ya fitar da tafintansa mai suna GCC a 1987, da ɓawonsa mai suna Bash a 1989, wanda Brian Fox ya rubuta.

Abin da ya rage shi ne ƙwaya. Ranar 25 ga watan Agusta na 1991, wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana da shekara 21, ya sanar cewa yana rubuta ƙwaya don sha'awar kansa. Fitowarta ta farko ba ta fi layi 10,000 da ƴan kai ba. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin lasisin GPL na shirin GNU, wanda ya shardanta cewa duk wanda ya raba manhajar, ko da ya gyara ta, dole ya ba da asalinta. Wannan ƙwaya ita ce Linux. A farkon 2025 ta haura layi miliyan 40, dubban mutane daga ƙasashe daban-daban ne suka sa mata hannu. A watan Nuwamba na 2017 jerin na'urori 500 mafi ƙarfi a duniya ya nuna dukkansu da ita suke aiki, kuma ita ce a ƙarƙashin Android, wato mai wayar hannu a kasuwar Difa yana yawo da ita a aljihu ko bai sani ba.

Yawancin masu amfani da Linux suna ɗaukarta ne a haɗe, an riga an fassara kome, kamar Debian da aka fara a 1993, ko Ubuntu da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004. Amma a watan Disamba na 1999 Gerard Beekmans ya fitar da littafi mai suna Linux From Scratch, ma'ana Linux daga tushe, wanda ke koyar da yadda mutum zai tattara rubutun asali ya gina tsarinsa da hannunsa. Littafin kyauta ne, an riƙa sabunta shi shekara da shekaru, kuma masu sa kai sun fassara shi da Faransanci, abin da ya sa ɗalibanmu ke iya karanta shi.

MATAKAN GINI

Matsalar farko ita ce wadda maƙera suka sani tun kaka da kakanni: da awartaki ake ƙera awartaki. Tafinta shi ma manhaja ce, sai an fassara shi kafin ya yi aiki, kuma ba mai fassara shi sai wani tafinta. Saboda haka mai gini yana farawa ne da na'urar da ke da Linux a kanta, ya ari kayan aikinta. Littafin ya ba da wata ƴar takardar umarni da ke bincika ko kayan aron sun cika, kuma ba su tsufa da yawa ba.

Mataki na biyu shi ne yanka fili a ma'ajiyar na'ura. Littafin ya ce gigabait 10 na iya isa a ƙalla, amma 30 ya fi dacewa. Daga nan sai a sauko da ƙunshin rubutun asali, kimanin 80, tare da ƴan facin da wasunsu ke buƙata. Dukkansu a matse ba su kai gigabait 1 ba. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin ana iya sauko da su sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi, a zuba a kile, a kai Shetimari ko Maine-Sorowa ko Ngigmi, a yi ginin tushen ba tare da an sake neman layi ba. Kowane ƙunshi yana da lambar hatiminsa. Na'ura tana lissafa hatimin abin da aka sauko da shi, ta gwada da wanda littafi ya bayar, in harafi ɗaya ya sauya a hanya, lambobin ba za su dace ba.

Mataki na uku shi ne ƙera kayan aiki na farko, kuma jerinsu ba ya canzuwa. Ana fara da Binutils, mai haɗa gutsattsarin fassara su zama manhaja guda. Sai GCC, tafinta. Sai takardun da ke bayyana yadda ake magana da ƙwayar Linux. Sai Glibc, babban rumbun ƙananan ayyuka wanda kusan kowace manhaja ke ɗiba daga cikinsa. Da waɗannan sababbin kaya ake fassara Bash da sauran kayan wucin gadi, sa'an nan a sake gina Binutils da GCC karo na biyu. Dalilin wannan maimaici shi ne a yaye sabon tsari daga tsohon, kada ya tashi yana jingine da rumbun na'urar da aka ara, ya faɗi ranar da aka raba su.

Mataki na huɗu, mai gini yana ba da umarnin da ake kira chroot, wanda ke kewaye sabon filin da danga. Daga nan duk abin da za a yi ba ya ganin kome na wajen dangar, sai dai ƙwayar tsohon tsari ce ke ci gaba da riƙe na'ura har a gama. A cikin dangar ake gina ƙunsoshin duka ɗaya bayan ɗaya, har da GCC karo na uku, wanda shi ne na dindindin. Yawancinsu umarni uku suke bi: configure, mai duba yanayin na'ura ya shirya, make, mai sa tafinta aiki, da make install, mai ajiye kowane abu a mazauninsa. Manyan ƙunsoshi suna zuwa da jarrabawarsu, kuma littafin ya gargaɗi mai gini kada ya tsallake ta Glibc da ta GCC da ta Binutils, domin ɓarakar da ke cikinsu za ta bi duk abin da aka gina da su.

A ƙarshe ake zaɓar sassan ƙwayar Linux da suka dace da ƙarfen na'urar, a fassara ta, a girka GRUB mai tada tsari idan an kunna, a saita agogo bisa lokacin Yamai, a kashe na'ura a sake kunnawa. Abin da mai gini zai gani baƙin allo ne da ɗan rubutu yana tambayar sunansa. Babu hoto, babu manhajar rubuta wasiƙa. Waɗannan suna cikin littafi na biyu, mai suna Beyond Linux From Scratch. Game da tsawon lokaci, da yake na'urori sun bambanta, littafin bai auna da awa ba. Ya ɗauki lokacin da ginin Binutils na farko ya ci a matsayin mudu, ya auna sauran da shi. GCC na ƙarshe tare da jarrabawarsa yana cin mudu gommai, wanda a tsohuwar na'ura yana nufin awoyi masu yawa.

TAKARDAR UMARNI

Wanda ya bi littafin da hannu zai rubuta ɗaruruwan umarni. Karo na farko wannan shi ne karatun, amma ba mai son maimaita shi a kan na'ura 20. A nan takardar umarni ta ɓawo ke shigowa. Lokacin da muke makarantar horon malamai an koya mana rubuta fish kafin shiga aji, mataki bayan mataki, ta yadda ko malami ya yi rashin lafiya wani zai ɗauka ya koyar da darasin yadda aka tsara. Takardar umarni fish ce da ake rubuta wa ɓawo: buɗe wannan ƙunshi, ɗora masa wannan faci, shirya, fassara, jarraba, girka, share wurin, wuce na gaba. Rubutu ne zalla wanda mutum ke iya karantawa, ya gyara, ya ba abokin aikinsa.

Dabarar tsohuwa ce. Ɓawon da Stephen Bourne ya rubuta, wanda ya fito tare da Unix bugu na 7 a 1979, shi ya kafa salon da ake bi. Slackware, tsarin da Patrick Volkerding ya fara a 1993, ya shahara da gina ƙunsoshinsa da irin waɗannan takardu. Tsarin NetBSD, tun bugunsa na 2002, ya zo da takarda guda mai suna build.sh wadda ke ƙera kayan aiki ta kuma gina uwar manhajar gaba ɗaya. Masu littafin Linux daga tushe su ma sun samar da jhalfs, wanda ke tsamo umarnin daga cikin littafin ya jera su ya zartar.

Takarda mai kyau tana da halaye uku. Tana tsayawa nan take idan wani mataki ya gaza, maimakon ta ci gaba da ɗora bulo a kan tubalin da ya fashe. Tana rubuta rahoton duk abin da ya faru, don a san inda aka tsaya da dalili. Tana kuma barin alama bayan kowane ƙunshi, saboda idan wuta ta ɗauke da tsakar dare, abin da kowa ya sani a jaharmu, a ci gaba daga inda aka kwana.

Amma ɓawo bawa ne mai biyayya marar tunani, abin da aka rubuta shi yake yi, ba abin da aka yi niyya ba. A watan Janairu na 2015 an gano kuskure a takardar umarni ta Steam, manhajar wasanni ta kamfanin Valve: layin da aka rubuta don share jaka guda, idan sunan jakar ya zo fanko, sai ya koma share duk takardun mai na'ura. Saboda irin wannan haɗari ne littafin ke nanata wa mai gini ya tabbatar sunan filin gininsa yana nan kafin kowane babban umarni, ya kuma yi kashin farko na aikin da sunan ƙaramin ma'aikaci wanda ba shi da ikon taɓa tsohon tsari.

BATUN AMANA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa buɗaɗɗen asali yana nufin babu maha'inci. Tun a 1983, a jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Turing, Ken Thompson ya nuna cewa ana iya gurɓata tafinta ta yadda zai riƙa cusa ɓarna a cikin abin da yake fassarawa, alhali rubutun asali yana nan tsaf. Ranar 29 ga watan Maris na 2024 kuma, wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da duniya abin da ya gano bayan ya lura shiga wata na'urarsa ta hanyar sadarwa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, ƙaramar manhajar matse takardu wadda tana cikin ƙunsoshin da ake gina Linux da su. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara 2 yana taimakawa har aka amince masa, sa'an nan ya ɓoye dafin a bugu na 5.6.0 da 5.6.1, a cikin takardun jarrabawa, ya kuma sa makunninsa a cikin takardun umarnin gini, inda mutane kaɗan ke dubawa.

Darasi biyu ke nan. Na farko, wanda ya zartar da takardar umarnin da bai karanta ba ya sa hannu ne a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Na biyu, an kama ɓarnar kafin ta kai ga yawancin jama'a saboda asalin a buɗe yake, kuma an sami mai ilmin bin sawu. Buɗaɗɗen asali yana amfanar al'ummar da ke da masu iya karanta shi.

HARSUNANMU A CIKIN NA'URA

Mu koma kan lanƙwasar da muka fara da ita. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 shi ya shata hanyar rubuta manyan harsunan yankinmu da boko, kuma a watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilmi ta Nijar ta fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da Barbarci da wasu harsunan ƙasa. Ƙa'idar duniya ta Unicode ta ba kowane harafi lambarsa, har da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ na Hausa, da ǝ da ɍ na Barbarci, wanda na ƙarshen sai a 2006 ya shiga. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya sa na'urar ofis da ba ta iya rubuta ƙasa daidai ta zama matsalar hukuma.

A cikin rumbun Glibc akwai fayil mai suna ha_NG, wanda ke gaya wa na'ura sunayen ranaku da watanni da Hausa, da yadda ake jera kalmomi bisa abacada, da irin kuɗin da ake lissafi da shi. An tsara shi ne bisa Nijeriya, kuɗinsa naira. Wanda ya gina tsarinsa da hannu ya san inda fayil ɗin yake, yana iya kwafarsa, ya sa sefa a gurbin naira, ya daidaita shi da ƙa'idar rubutunmu, ya haɗa shi da umarni guda mai suna localedef, sa'an nan ya aika wa masu kula da rumbun don kowa ya amfana. Haka ma tsarin madannai: a cikin Linux akwai na Hausar Nijeriya da na Hausar Gana, dukkansu rubutu ne a buɗe da ake iya ɗaukar samfuri daga gare shi. Aiki ne da ke buƙatar masanin na'ura da masanin harshe su zauna a tebur ɗaya.

ABIN DA YA KAMACE MU

Gaskiya ita ce ba kowane ofis ya kamata ya gina uwar manhajarsa daga tushe ba. Wanda ya gina da kansa, shi ke da alhakin bin labarin kowace ɓaraka da aka gano, ya sake fassara ƙunshin da ta shafa. Sakataren magajin gari ba shi da wannan lokaci. Ga kuma zafin bazara da ke haura awo 40, ga ƙurar hunturu, waɗanda ke wahal da na'urar da ta kwana tana fassara. Ofisoshi da makarantu, haɗaɗɗen tsari irin Debian ko Ubuntu ya ishe su. Jandarmomin Faransa sun fara komawa kan wani samfurin Ubuntu a 2008, kuma a watan Afrilu na 2024 jahar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mai da na'urorin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan Linux da LibreOffice.

Akwai kuma dalili na kusa. Ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, Windows 11 kuwa tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Na'urar da ƙarfenta ke da lafiya ba ta cancanci a jefa ta bayan ɗaki ba, kuma kuɗin sayen sabuwa daga aljihun talaka yake fitowa. Tsarin Linux marar nauyi yana iya ƙara mata shekaru, in akwai mai iya girka shi da kula da shi a kusa.

A nan ne amfanin gini daga tushe yake. Injinan ban ruwa na bakin Komadugu ba a Difa aka ƙera su ba, amma suna aiki saboda akwai makanikan da suka taɓa kwance inji gaba ɗaya suka mai da shi, suka san kowane noti da aikinsa. Manomi ba ya buƙatar zama makaniki, amma kwarin da babu makaniki ko ɗaya tattasansa zai bushe yana jiran mai gyara daga Yamai, tafiyar fiye da kilo 1,300. Haka ya kamata kowace jaha ta sami matasan da suka taɓa gina uwar manhaja daga rubutun asali, ko da sau ɗaya ne. Jami'ar Difa, wadda aka kafa a 2014, da makarantun koyon sana'a, wurare ne da suka dace da wannan horo, kuma abin da ake buƙata bai wuce tsohuwar na'ura guda, da kile, da littafi, da haƙuri ba.

Muna kira ga shugabannin ofisoshi da su bincika na'urorin da ke jibge a ɗakunan ajiyarsu kafin su rubuta takardar neman sababbi, su kuma ba matasan ma'aikatansu damar koyo a kansu. Muna kira ga malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu da suka sauke karatu da kada su karɓi takardar da aka cire wa haruffa lanƙwasa, su mai da ita a gyara, domin gyaran yana yiwuwa. Ranar da sakataren ofis a Shetimari zai daina cewa haka ta zo, ya ce bari a kira wane ya buɗe ta, ranar nan mun fara sari da gatarinmu. Allah ya ba mu ikon koyo, ya kuma zaunar da jahar Difa da ƙasarmu lafiya.